Masu rataya analaiza ba tare da saita iyaka ba, ku daina cin kuɗin mutane

Yau ba darasin "danna nan, danna can" kaɗai za mu yi ba, faɗa zan yi. Na san akwai abokan sana'a da ransu zai ɓaci, to sai dai su yi haƙuri.

Tun daga ranar 3 ga Afrilun 2024, da hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A zuwa naira 225 kowane yunit, masu sana'a suka fara tambayar abin da da ba sa tambaya: wace irin wuta nake saye? Tambayar kuwa tana kan hanya, domin an raba band-band ɗin nan ne bisa awanni, A awa 20, B awa 16, C awa 12, har zuwa E mai awa 4. Awanni ake ƙirgawa, ba lafiyar wutar ba. Mai ɗakin gwajin jini da mai hoton ciki a kewayen Asibitin Malam Aminu Kano nan Gyadi-Gyadi, mai ƙanƙara da mai fiya wata a Tarauni, mai ɗab'i, mai gyaran waya a Farm Centre, kowa yana da injin da ke mutuwa ko yana kashe kansa alhali ƙwan ɗaki yana ci. Sai a ce masa ya kira mai analaiza, wato na'urar tantance ingancin wuta. Mutum ya zo da akwati mai kyau, Fluke ko Hioki ko Chauvin Arnoux, ya maƙala wayoyi a allon wuta, bayan kwana biyu ya dawo ya cire, ya miƙo rahoto mai shafi arba'in cike da zane ja da kore. A shafin ƙarshe: wutarka ba ta da kyau, ka sayi babbar sitabilaiza. Kuma wai abin mamaki, shi ma yana sayarwa.

Alhaji, kafin ka biya, tambaya ɗaya za ka yi masa: "Injiniya, a bolt nawa ka saita iyakar nutsewa?" Idan ya fara sosa ƙeya, ko ya ce maka ai na'urar da kanta take yin komai, wallahi takardar nan ba ta fi ta ƙunsa ƙosai amfani ba.

Ga dalili. Wutarmu tana juyi 50 a sakan ɗaya, kowane juyi milisakan 20 kenan. Analaiza mai bin ƙa'idar IEC 61000-4-30 tana lissafa ƙarfin wuta na juyi guda, tana sabunta lissafin duk rabin juyi, wato awo ɗari a sakan. Mitar hannu da muke yawo da ita a aljihu sau biyu zuwa huɗu take canza lamba a sakan, shi ya sa abin da ya faru cikin milisakan 80 ba za ta taɓa nuna maka shi ba. To amma analaiza ba za ta iya adana awo ɗari a sakan na tsawon mako da cikakken hotonsa ba. Sai ka gaya mata me za ta kama. Abin da ake nufi da iyaka kenan: idan wuta ta sauka ƙasa da kaza ki rubuta nutsewa, idan ta haura kaza ki rubuta kumburi, idan ta kusa sifili ki rubuta yankewa. A allon na'urar za ka ga ana kiran na farko dif ko sag, na biyu suwel. Abin da ba ka saita ta ta kama ba, ya wuce kenan har abada.

Lambobin da aka saba da su: nutsewa kashi 90 cikin ɗari, kumburi kashi 110, yankewa kashi 5 ko 10, sai ratar komawa, wadda suke kira histerisis, kashi 2. Kashi 90 na me? Nan ne gizo yake saƙar. Na ƙarfin wutar da ka shigar a matsayin ma'auni. A Najeriya ma'auninmu bolt 230 ne tsakanin fes da nutural, 400 tsakanin fes da fes. Saboda haka nutsewa tana farawa a 207, kumburi a 253, yankewa a 11.5 idan ka zaɓi kashi 5. Nutsewar ba ta ƙarewa sai wuta ta dawo 211.6, domin ratar komawa bolt 4.6 ce.

Yanzu duba yadda lamba ɗaya take juya rahoto. Tsofaffin ma'aikata har gobe 240 da 415 ne a bakinsu. Wanda ya shigar da 240, nutsewarsa a 216 take farawa, kumburi sai 264. Wutar da ta tsaya a 260 tana gasa caja da talabijin, shi a wajensa lafiya lau. Wanda kuma ya karanta jikin firij ya ga 220 ya shigar, nutsewarsa sai 198. Gida ɗaya, mako ɗaya, mutum uku, rahoto uku. Ban ma zo kan wanda ya sayo na'ura ta hannu daga Amurka ba, tana kan bolt 120 da juyi 60, ya rataya ta haka nan. Ita a ganinta wutar Court Road kumburi ce ta kusan ninki biyu tun daga minti na farko har ya cire ta. Da wanda ya zaɓi haɗin fes da nutural amma ya rubuta 400: na'urar tana ganin 230, tana auna shi da 400, kashi 57 da ɗoriya, nutsewa guda ɗaya mai tsawon kwana biyu.

Amma a ce ya shigar da 230 daidai, ya bar 90 da 110 yadda kamfani ya sa. Wasu za su ce to shi ke nan, ai ƙa'idar duniya ce. Nan ne nake da babbar rigima. Waɗannan lambobi an gina su ne a kan wutar da take zaune kusa da 230. Ƙa'idar Turai EN 50160 cewa ta yi a mako guda, kashi 95 na matsakaicin awon kowane minti goma su kasance cikin kashi 10 sama ko ƙasa. A irin wannan wutar, sauka ƙasa da 207 baƙon abu ne, ya cancanci a rubuta shi. Mu fa? Duk wanda yake ƙarshen layi a Hausawa ko Darmanawa ko Unguwa Uku ya san yadda fanka take komawa bayan magariba a watan Afrilu, lokacin da kowa ya kunna abin sanyaya ɗaki.

A ce wuta ta sauka 190 da ƙarfe bakwai na yamma, ba ta dawo sama da 211.6 ba sai sha ɗaya na dare. Na'urar za ta rubuta nutsewa ɗaya, tsawonta awa huɗu. A cikin awa huɗun nan, a ce injin burtsatsen maƙwabci ya tashi sau goma sha biyar, kowane tashi yana jan wutar zuwa 150 na rabin sakan, kuma wannan ne yake kashe injin gwajin. Jerin abubuwan da suka faru zai nuna maka layi ɗaya tal, da lamba mafi ƙasa guda ɗaya. Sau nawa, da ƙarfe nawa, babu. Ainihin abin da aka biya ka ka nemo ya ɓuya a cikin cikin babbar nutsewa. Su kansu masu ƙa'idar IEEE 1159 sun raba abin: daga rabin juyi zuwa minti ɗaya shi ne nutsewa, abin da ya wuce minti ɗaya ƙarancin wuta ne mai ɗorewa, wanda mu muke kira lo karan. Cuta biyu ce, maganinsu daban.

Ko kuma akasin haka. Wuta tana reto tsakanin 205 da 213 duk yini, tana tsallake iyaka tana dawowa. Na'urar ta yi ta rubutu, ɗari, ɗari biyar, dubu, har ma'ajiyarta ta cika, wasu na'urorin su daina ɗauka, wasu su fara goge na baya. Sai injiniya ya zo yana zare ido: "Alhaji ka ga, matsala dubu!" Ba matsala dubu ba ce malam, matsala ɗaya ce, kai ne ka kafa iyakarka a daidai inda wutar take zama.

To ya za a yi? Akwai zaɓi a na'urorin nan da yawancin masu ratayawa ba su taɓa buɗewa ba: ma'auni tsayayye ko ma'auni mai bin wuta. Mai bin wutar yana tafiya da matsakaicin ƙarfin wutar na kusan minti ɗaya da ya wuce. Idan wuta tana zaune a 190, iyakar nutsewa ta koma 171, duk tashin injin da ya ja ta zuwa 150 sai an kama shi da lokacinsa da tsawonsa. Na san wani zai yi wuf ya ce ai ƙa'idar ta ce ba a cika amfani da wannan a ƙaramar wuta ta gidaje ba. Haka ne, ta faɗa. Waɗanda suka rubuta ta ba su kwana a Tarauni da bazara ba. Idan abin da kake nema shi ne me yake kashe inji, ka yi amfani da shi, ko ka sauke tsayayyar iyakar zuwa ƙasa da inda wutar take zama, ka kuma rubuta ɓaro-ɓaro a rahoto cewa haka ka yi.

Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ya kawo ni kan rukuni na biyu, waɗanda sun fi na farko laifi domin su sun san abin da suke yi. Mutum ya haɗa maka sola da inbata, ko ya sayar maka da janareto, ka yi ƙorafin kaya suna kashe kansu, ya zo da analaiza don ya wanke kansa. Ya sauke nutsewa zuwa kashi 70, ya ɗaga kumburi zuwa 125, ko ya kunna ma'auni mai bin wuta ya yi shiru. Rahoto ya fito fes, babu ko ɗigo. Da ma'auni mai bin wuta, wutar da ta zame a hankali daga 225 zuwa 175 ba za ta haifar da ko layi ɗaya ba, domin iyakar tana bin ta a baya tana sauka. Wannan ba awo ba ne, ha'inci ne, daidai da mai awon hatsi da ya bubbuga gindin kwano.

Shi ya sa aikin gaskiya biyu ne a tare. Jerin nutsewa da kumburi gefe guda, zanen matsakaicin minti goma-goma gefe guda, shi kuma wannan kullum da 230 ake auna shi, ba sassauci. Zanen shi zai nuna maka lo karan, jerin shi zai nuna maka fizga. Idan zanen ya nuna wutar tana yin awanni a 190, to lalle sitabilaiza ko gyaran waya ko rage wa taransifoma kaya yana da ma'ana, domin ƙarfin juyin mota yana raguwa ne da ninkin raguwar wuta: a 207 saura kashi 81, a 190 kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi, kwamfuresa ta yi ta gurnani tana zafi har ta ƙone. Amma idan matsalar fizga ce ta milisakan ɗari ko ɗari biyu, irin wadda ake samu idan iskar damina ta haɗa wayoyi a wani layin 11kV ko 33kV kafin abin kariya ya yanke shi, sitabilaiza mai mota ba za ta yi maka komai ba. Kafin burushinta ya motsa abin ya wuce, inji ya riga ya mutu. Wannan aikin UPS ne irin wanda kaya ke ci daga inbatarsa kullum. Miliyoyin da za a kashe sun rataya ne a kan wane zaɓi aka danna a allon saiti.

Kuma iyakar da ta fi kowace muhimmanci ba a littafin analaiza take ba, a jikin injin mai kayan take. Kontakta, a ƙa'idar IEC 60947-4-1, dole ta kama daga kashi 85 zuwa 110 na ƙarfin nadinta, kuma tana iya saki a ko'ina tsakanin kashi 75 da kashi 20. A nadin 230, daga bolt 172 abin ya fara zama caca. Kayan kwamfuta kuwa, zanen ITIC da ake yawan kafa hujja da shi ya nuna ya kamata su jure kashi 70 na rabin sakan, kashi 80 na sakan goma, rashin wuta gaba ɗaya na milisakan 20, kodayake don wutar 120 ta Amurka aka zana shi. Injiniyan da bai buɗe littafin injin ya ga a bolt nawa yake kashe kansa ba, da me zai kwatanta abin da ya kama?

Sai masu rataya wayoyin bolt kawai su bar maƙalan awon amfiya a jaka, wai sauri suke. Haba. Ai da amfiya ake gane mai laifi. Idan wuta ta nutse kuma a daidai lokacin amfiya ta yi tsalle sama, daga cikin gidan ne, wani inji ne ya tashi, kuma mota mai tashi kai tsaye tana jan ninki biyar zuwa bakwai na abin da take ci. Idan wuta ta nutse amfiya ba ta tashi ba, daga waje abin ya zo, ko mai walda a layinku, ko injin niƙa, ko can sama. Da yawa ana zagin 'yan NEPA alhali siririyar waya ce aka ja mita sittin zuwa ɗakin sanyi. Da yawa kuma ana canza wayar gida gaba ɗaya alhali laifin yana kan turke.

Kumburi kuma kada a raina shi. A haɗin fes uku, nutsewa tana farawa da zarar fes ɗaya ya faɗi, ba ta ƙarewa sai duka sun dawo, yankewa kuwa sai duka ukun sun faɗi. Saboda haka ka duba kowane fes shi kaɗai. Idan ka ga fes ɗaya ya kumbura ya wuce 253 a daidai sakan ɗin da wani ya nutse, musamman lokacin da aka kunna babban kaya, ka bar komai ka nemi nutural, ya saki ko ya ci wuta ko an sace shi. Wannan shi ne mai ƙone kayan layi guda a dare ɗaya, har da gobara. Wanda ya ɗaga iyakar kumburi zuwa 125 don kada na'ura ta dame shi, sai wuta ta wuce 287 zai ji labari. Ga kuma al'adarmu ta cire fis a koma fes ɗin da ya fi ƙarfi, kowa ya tattaru a layi ɗaya, shi ma ya faɗi. Duk wannan yana fitowa a zane idan an auna fes ukun da nutural.

Rukuni na uku su ne masu cewa: "Oga, a Kano wace ingancin wuta? A kawo ta ma tukuna." Na fahimci zafin. Duk mun ga ƙarshen Oktoban 2024, da layin Shiroro zuwa Kaduna yake lalace, na Ugwuaji zuwa Apir ma ya faɗi, Arewa ta yi fiye da mako a duhu. Amma wannan magana ta mai ƙwai da fanka ce. Wanda ya zuba jarinsa a injin gwaji, rashin wuta bai fi ba shi tsoro ba, yana da janareto. Muguwar wuta ita ce mai cinye jari. Kuma idan za ka kai ƙorafi, hanya a buɗe take: ka fara da sashen ƙorafin abokan hulɗa na KEDCO, idan ba a warware ba ka wuce ofishin sauraron ƙorafi na NERC. Can injiniyoyi ne za su karanta takardarka, kuma abin da za su fara dubawa shi ne ma'aunin da aka shigar, ajin na'urar, A ne ko S, da ranar da aka tantance ta. Don irin wannan ƙorafin, tsayayyen 230 da 90 da 110 za ka bari, a auna a inda wuta ta shigo kusa da mita, ba a soket ɗin bayan sitabilaiza ba. Rahoton da aka yi da 240 ko agogon na'ura yana kan lokacin wata ƙasa, da kanka ka ba su hujjar ajiye shi gefe.

Agogon nan ba ƙaramin abu ba ne. Amfanin jerin nutsewa shi ne a ɗora shi a kan littafin mai aiki: inji ya mutu 2:14 na rana, na'ura ta kama nutsewa 2:14. Ka saita agogo da wayarka, ka ba yaron shago biro da takarda ya riƙa rubuta lokacin da abu ya faru da lokacin da aka juya zuwa janareto, in ba haka ba za ka ɗora wa layin gari laifin inji. Kwana biyu kuma ba awo ba ne. Mako guda cur, da Juma'arsa da Lahadinsa, domin kayan da ke kan taransifoma ranar Talata ba su ne na ranar Juma'a ba. Batirin yawancin na'urorin nan awanni kaɗan yake yi, idan an ɗauke wuta tun dare kafin asuba ta mutu, dawowar wutar kuwa, wadda ita ce lokacin da aka fi ɓarna, babu mai gani. Ka ba ta ƙaramin UPS nata. Kafin ka rufe allon ka tafi, ka buɗe hoton kibiyoyin fes ka tabbatar maƙalan suna fuskantar kaya kuma kowanne yana kan fes ɗinsa, sannan ka kunna babban injin gidan sau ɗaya ka ga ko ta kama. Wayoyin awon su zama masu CAT III ko CAT IV, allon shigowar wuta ba wajen gwada wayar kasuwa ba ne.

Masu ba da aiki, ku ce a ɗauki hoton allon saiti ranar da aka rataya na'urar, a sa shi a shafin farko: ma'auni nawa, tsayayye ko mai bin wuta, nutsewa, kumburi, yankewa, ratar komawa, irin haɗin waya, da agogo. Ku kuma karɓi ainihin fayil ɗin da na'urar ta adana, ba PDF kaɗai ba, domin wani injiniyan ya iya buɗewa ya duba. Wanda ya ce wannan sirrin sana'a ne, ku riƙe cikon kuɗinsa har sai ya kawo.